Gwangwani Uku a Ƙarƙashin Gadon Baba

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yayan mahaifiyar maigidana ne, shi yana ce masa Kawu, ni kuma Baba nake ce masa tun ranar da na sauka a ƙasar nan. Wanda ya ba mu shi ya kira shi, mu ma can muka dosa. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya masa makwanci a can New Jersey inda aka kai shi, inda ni ban taɓa takawa ba.

Ni ba mai rubutu ba ce. Aji huɗu na yi a firamare a Kano, mahaifiyata ta kwanta ciwo, na zauna a gida. In kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri. Amma yau kwana arba'in, sabon ɗan haya ya riga ya shiga ɗakinsa ya canza labule, kuma jiya na tsaya a matakala ina so in tuna yadda yake gyaran murya kafin ya yi sallama, sai da na daɗe kafin abin ya zo mini. Hankalina ya tashi. Baba bai bar ɗa ba, matarsa ta rasu tun kafin a haife ni. In ni na manta, wa ya rage? Shi ne na sayi littafi irin na 'yan makaranta na zauna.

Ɗakinsa ciki ɗaya ne da ɗan kicin, a hawa na biyu na gidanmu a unguwar Mount Hope ta New York, mu kuma muna hawa na biyar. Ranar da aka dawo daga maƙabarta takalman maza suka cika baranda har suka gangara matakala. Mata suna wajena a sama, ni nake hawa da sauka da abinci, shi ya sa na ga kowa. Mai kula da gidan, da muke ce wa Sufa, mutumin Puerto Rico ne, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu ya ƙi shiga saboda dattin takalminsa, yana ta gaya wa duk wanda ya wuce cewa tsohon bai taɓa kiransa gyaran famfo ba tare da ya fara tambayar lafiyar uwarsa ba. Maƙwabciyarmu nas, Kirista ce 'yar Kafanchan, ta taso daga asibiti da kular tuwo, ta zauna a ƙasa cikin fararen kayanta tana faɗa, wai sau nawa ta ce masa ya rage sukari a shayi, sau nawa, kamar har yanzu yana jin ta. Direbobin tasi abokan maigidana suna shigowa bibbiyu, su shafa fatiha a tsaye suna leƙen taga saboda motocin da suka ajiye inda bai kamata ba. Maigidana bai yi kuka ba. Ya dai yi ta wanke kofuna, har waɗanda ba a sha komai a ciki ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji, amininsa, mutumin Damagaram, mai teburin laima da safar hannu a Fordham Road. Kun san wasan Kanawa da Damagarawa. Shekara ashirin suna yi, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ya zauna a kujerar Baba ta bakin taga, ya dubi bango ya ce, "Bawan nan ya gudu, ko izinin ubangidansa bai nema ba."

Babu wanda ya yi dariya. Shi ma bai yi ba.

Ranar uku mai gidan haya ya aiko cewa ƙarshen wata yana son ɗakinsa, sai maza suka hau kwashe kaya. Tufafi aka ware na sadaka. Jaridu da duk wata takarda mai rubutun boko aka zuba a baƙaƙen leda, Sufa ya fitar bakin titi, motar shara ta kwashe. Ni ina sama ina dama kunu, ban san ana yi ba. A cikin ledojin nan wani tsohon littafin Turanci ya tafi, marar bango, wanda Baba ya fi shekara talatin yana riƙe da shi. Babu wanda ya dube shi sau biyu.

Da suka ɗaga katifa suka leƙa ƙarƙashin gado, sai ga gwangwanin biskit uku manya, kowanne cike da takardu ɗaure da roba, duk rubutun ajami, kowane shafi da Bismillah a samansa. Daidai lokacin na sauko da fulas. Na tarar ana miƙa wa liman takardun da hannu biyu. Limaminmu mutumin Gini ne, mutumin kirki, amma ba ya jin Hausa. Ya duba, ya ce harufan ya san su, maganar ce bai sani ba, da alama wa'azi ne cikin yarenmu. Nan take ɗakin ya ɗauka. Ashe da babban malami muke zaune ba mu sani ba, ashe ɓoye kansa yake yi, wani ma ya ce ai shi tun da can ya ga alama a goshinsa. Liman ya ce takarda mai sunan Allah ba ta shiga shara, ba a kuma barin ta inda za a taka. Sai Alhaji ya yi caraf ya ce a ƙona su da mutunci a bayan masallaci ranar sadakar bakwai, a kai tokar kogi. Kowa ya ce madalla.

Ina tsaye da fulas a hannu muka haɗa ido da Alhaji. Ya san abin da ke cikin gwangwanin nan. Ya kuma san na sani. Ya kau da kai.

Bari in koma baya, don ku gane.

Cikin sanyi na zo ƙasar nan, shekara bakwai ke nan, kuma da tsoro na zo. Kafin in taso kowa ya ba ni nasa labarin: wanda jirgin ƙasa ya wuce da shi bai san hanyar dawowa ba, wadda aka ƙwace wa ɗa don ta mare shi a kanti, 'yan sanda masu tambayar da ba ka ji balle ka amsa. Maigidana yana fita da tasi tun safe. Ni sai in kulle ƙofa, in sa sarƙa, in jingina kujera, in tsaya a taga. Ƙarfen ɗumama ɗaki in ya fara ƙara sai gabana ya faɗi. Na haifi 'yata, tsoron ya zama biyu. Akwai lokacin da na yi wata guda ƙafata ba ta taɓa titi ba, kuma ban ga laifin hakan ba.

Sai Baba ya fara hawowa. Yana ɗingishi, hawa uku tsakaninmu, gidan ba lif, kana jin sandarsa tun daga ƙasa. Ranar farko gishiri ya zo nema. Washegari ashana. Jibi allura. Ni kuma suruka ce, ba zan zauna da shi ba, ba zan ma dube shi ba, sai in miƙo ta tsakanin ƙofa in durƙusa a baya in gaishe shi. Bai taɓa cewa in buɗe ba. Rannan dai ya karɓi gishirin, ya ce ƙafarsa ta gaji, ya zauna a kan matakala daidai ƙofata, ya gyara murya, ya zaro takarda daga aljihun kwat ya fara rerawa a hankali. Na ɗauka waƙar bege ce. Da na kasa kunne sai na ji ana maganar tumaki.

"Tumakin na wani, almakashin nawa,
ulun na jirgi, ciwon bayan nawa."

Dariya ta kuɓuce mini a bayan ƙofa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe da mutum a gidan."

Daga nan kullum da hantsi yana matakala ina ciki, ƙofar na ƙara buɗewa kaɗan kaɗan. A haka na ji labarinsa, gutsi-gutsi, ba a jere ba. Yana saurayi ya bar Kano ya tafi Ikko, ya sami aikin feraye dankali a kicin ɗin jirgin ruwa. Jirgin ya kai su Ostireliya ɗaukar ulu, akwati ya faɗo masa a ƙafa, jirgin ya tafi ya bar shi a asibiti wata biyar. A gadon kusa da shi akwai wani tsohon Bature mai askin tumaki, ba haƙori, ba mai zuwa duba shi, ba abin da yake yi sai karanto tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu da ka. Su biyu ne ba su da baƙi, sai suka zama baƙin juna. Da za a sallami Baba tsohon ya ba shi littafin. Da shi ya koyi karanta Turanci, da shi ya zo New York, inda ya yi aikin tuƙa lif a wani dogon gini har ƙarfinsa ya ƙare. Yakan ce shekara ashirin yana tafiya kullum bai je ko'ina ba.

Duk shekarun nan yana juya waƙoƙin zuwa Hausa, da ajami, don shi hannunsa ya sani. Bismillah kuma malaminsa na allo ne ya dasa masa ita. Ko jerin cefane zai rubuta sai ya fara da ita.

Ni da na ɗauka duk Bature mai mulki ne. A bakin Baba na ji cewa su ma suna da talakawan da suka wulaƙanta. Mutum ya saci burodi ko zomo a Ingila, a sa masa ƙarfe a ƙafa, a zuba shi a cikin jirgi wata da watanni, a sauke shi a ƙarshen duniya ya fasa dutse ana dukansa da bulala. In ya gama shekarunsa a sake shi, amma ba kuɗin komawa gida, sai ya zauna. Su da 'ya'yansu ne suka yi waƙoƙin. Akwai ta masu haƙar zinariya da suka tsufa ba su ga komai ba sai laka. Akwai ta wanda ya gudu daji ya gwammace yunwa da bulala. Akwai ta wata mata da ke jiran wasiƙa, in ta zo labarin ciki ya riga ya shekara. Wannan ita ce ta sa ni kuka, don a lokacin kaset muke aikawa gida, kafin ya isa wanda ka gaisar a ciki wani lokaci ya rasu.

Baba yana da kalma ɗaya da kowa a gidan ya san shi da ita. Ba ya lallashi, ba ya dogon bayani, sai dai ya ce, "Sa takalminki." Rannan ya faɗa mini, na rasa yadda zan yi da kunyarsa, na goya yarinya muka je kantin kan kwana muka dawo. A ƙofar gida ya ce ya ƙirga, shi gurgu taku ɗari ya yi, ni mai lafiyayyun ƙafafu ɗari da arba'in. Na yi murmushi kawai. Washegari ya zauna a matakala ya ce yau akwai wata sabuwa, ta wani fursuna da aka saki.

"An kwance ƙarfen tun bara,
ƙafar ba ta ji labari ba.
Taku ɗaya, rabin taku,
yana jan abin da babu."

Iya nan na ji. Na gane da wa yake. Ni 'yar mutunci, da aurena da 'yata, za a kwatanta ni da ɓarawon zomo? Na tura ƙofar na rufe, na sa sarƙa da ƙarfi don ya ji. Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ya daɗe zaune, sannan na ji sandarsa tana sauka. Kwana tara ina ba maigidana abincinsa ya kai masa, ban aika da gaisuwa ba. Shi ma bai hawo ba.

Ranar goma yarinya ta tashi da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi, tana jan kunne tana ihu, ubanta yana can wani gefen gari. Na zagaya ɗakin ya fi sau hamsin. Ƙarshe na sauka na buga ƙofar Baba, karo na farko a rayuwata. Ya buɗe, ya dubi yarinyar, ya dubi ƙafata, ashe ba takalmi na sauko. Bai ɗaga maganar da ta wuce ba, ranar ko bayanta. Abin da ya saba faɗa ya faɗa.

A cikin bas ya koya mini magana uku da Turanci: zazzaɓi, kwana biyu, ba ta cin abinci. Na ce ai yana nan, shi zai yi magana. Da muka isa gaban matar da ke rubuta suna, ta dube shi tana jira, sai tsohon nan ya ɗaga kai yana kallon silin kamar bai taɓa jin Turanci a duniya ba. Na zungure shi da gwiwar hannu, ni da ko inuwarsa ba na takawa. Ko gezau. Haushi ne ya buɗe mini baki, ba ƙarfin hali ba. Na faɗi ukun nan, na ƙara da wasu da ban san na sani ba. Matar ta rubuta, ta nuna mini kujera. Babu wanda ya ƙwace mini 'ya. Ciwon kunne ne, aka ba mu magani ja-ja a kwalba. A hanyar dawowa ya saya mini gyaɗa mai zafi a takarda, ya ce ashe ina da baki, yana ta tausayina a banza.

Daga ranar surukuta ta ragu tsakaninmu. Da idonsa ya fara rauni ni na koma mai karanta masa. Na ɗan yi allo ina ƙarama, harufan ba baƙi ba ne a wajena, ya ƙarasa koya mini. In sauko da yarinya, ta zauna a cinyarsa tana ja masa gemu, yana ce mata uwargida, yana yi mata Hausa tana mayar masa da Turanci, ni kuma in karanta yana gyarawa. Shayinsa madara ta fi ruwa, sukari cokali huɗu, in nas ta ƙwanƙwasa sai ya tura kofin bayan rediyo. Duk takardun nan na karanta masa su, ban da guda ɗaya. In na zo kan ta fursunan nan sai in ɗaga in wuce. Yana gani, bai taɓa cewa komai ba. Tana cikin gwangwani na farko, mai hoton jirgi a murfi.

Alhaji yakan zo ran Lahadi in ba hadari, don in sama ta ɓata rai kasuwarsa ce ta buɗe. Bai taɓa son waƙoƙin ba. Wata rana ina karantawa ya ce in dakata. Ya ce shi ubansa ya ɗauki dutse a ka a aikin tilas na Faransa har gashin kansa ya zube, yanzu kuma a zaunar da shi ya ji tausayin Nasara? Baba ya ce waɗannan talakawansu ne, bulalar da ta daki ubansa ita ta dake su.

"Bon," in ji Alhaji da Faransancinsa. "Da aka kwance su, ƙasar wa suka yanka suka zuba tumaki? Babu mutane a wurin, ko kuwa?"

Ban taɓa ganin an rufe wa Baba baki ba sai ranar. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya ce akwai mutane, baƙaƙe kamarmu, ya gan su da idonsa zaune a bakin gari, an hana su shiga inda ake shiga. Ya ce a littafin kuwa da ƙyar ake ambatonsu, in ma an yi, kamar ana maganar itatuwa ne. Alhaji ya ce to ka gani, ya ɗauki hularsa, ya tafi bai sha shayinsa ba. Lahadi uku bai zo ba, da ya dawo kuma aka bar zancen waƙa gaba ɗaya in yana nan.

Abin da Alhaji bai sani ba, washegarin rannan Baba ya aike ni Fordham Road in sayo masa jan biro, ni kaɗai, ya ce in bi ta ɗaya gefen titin kada mai laima ya gan ni. Wata biyu ya yi yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, hancinsa kusan a kan shafi, yana ƙara jan layi a ƙasan kowacce.

To, waɗannan su ne takardun da aka ce wa'azi ne.

Kwana huɗun da suka rage kafin bakwai abinci ya ƙi shiga. Na gaya wa maigidana waƙoƙi ne a gwangwanayen, ba wa'azi ba. Ya ce ya san Kawu na 'yan rubuce-rubucensa, amma manya sun yanke, kuma an riga an gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa ɗan'uwanta malami ne a ɓoye. Shekara arba'in tana jin kunyar yawon jirginsa, yau ta sami abin da za ta gaya wa mata a zaman makoki. Ya ce in bar ta da wannan. Na tare Alhaji a matakala, na durƙusa zan yi magana. Shi ya riga ni.

"Ɗiyata, ki bar shi ya tafi da mutuncinsa. Kina so a ce shekara talatin yana rubuta waƙar ɓarayin Nasara, da Bismillah a kai?"

Na ga ba ƙiyayya ba ce. Rufa masa asiri yake yi, irin nasa. Na ce to. Wallahi to na ce.

Ranar bakwai bayan azahar maza suka sa gwangwanayen a but ɗin tasi suka tafi masallaci a Soundview. Mata suka watse. Ina wanke tukwane, ina ta saurare ko zan ji sanda a matakala, na san kuwa ba zan ji ba. Yarinya ta zo ta tsaya a bayana ta tambaye ni da Turanci ina aka kai waƙoƙin Kaka, wai tana son ta tumaki. Na buɗe baki in ce mata suna nan, sai na tuna littafin yana juji, mai littafin yana ƙasa, takardun suna hanyar wuta. Ban san lokacin da na sa takalmi ba.

Ban taɓa zuwa Soundview ni kaɗai ba. Bas biyu ne. Na tambayi direba, ban gane rabin amsarsa ba, na sauka tun ba a kai ba, na ja yarinya muka taka sauran. Masallacin tsohon kanti ne, da ɗan fili a baya. Tun daga lungu na ji ƙaurin takarda. Su biyar ne a tsaye kewaye da rabin duro, maigidana a cikinsu. Gwangwani mai hoton jirgi yana ƙasa a buɗe, babu komai a ciki.

Na yi sallama. Kowa ya juyo. Maigidana ya taho zai tare ni, na wuce ta gefensa, na durƙusa gaban gwangwani na biyu na zaro ta sama, don na san abin da ke kai. Na ce su gafarce ni, ba wa'azi ba ne, kuma Baba bai taɓa cewa wa'azi ne ba. Na karanta ta tumakin. Wani direba ya fara dariya ya haɗiye. Sannan na sauka kan jan rubutun.

"Bawana mai laima ya tambaye ni, masu ƙasar fa? Na duba littafi ban gan su ba. Gaskiyarsa ce. Suna nan, wurin nasu ne, ga shi na rubuta su."

Na ce kowane shafi da irinsa a ƙasa. Alhaji ya miƙo hannu, na ba shi. Ya kai takardar kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Idonsa ba ya ganin ƙananan baƙi, jan dai yake gani.

"Bawansa ya ce? Ni?"

"Haka ya rubuta, Alhaji."

"Maƙaryaci," ya ce. "Har a rubuce."

Ya sunkuya da ƙyar ya mayar da takardar, ya danna murfin, ya rungumi gwangwanin a ƙirji. Liman ya tambayi abin da ke faruwa, Alhaji ya yi masa dogon bayani da Faransanci. Ban san me ya ce ba har yau. Liman ya dube ni, ya dubi duron, ya ɗauki buta ya kashe wutar. Ya ce da Turanci, a hankali don in gane, in ajiye su a sama, inda ƙafa ba ta kaiwa. A tasi muna dawowa, da muka kusa gida maigidana ya tambaye ni wa ya kawo ni. Na ce bas biyu. Ya dube ni ta madubi, ya sake dubana.

Gwangwani biyu suna saman kwabata yanzu. Surukata a Kano har yau ta ɗauka wa'azi ne, kuma ban san yadda zan yi ba in wannan rubutun ya kai kunnenta. Wani lokaci in ce na yi daidai, wani lokaci in ce na tona wa mamaci asiri, in tashi in sake goge kicin ɗin da na riga na goge. Alhaji ya fara hawowa ran Lahadi, hawa biyar, yana haki yana zagin Kanawa da suka rasa inda za su zauna sai kusa da gajimare. Gishiri yake cewa ya zo nema. Yana zama a matakala in karanta masa, baƙin rubutun ya ce in yi sauri, jan kuma in maimaita.

Na tambaye shi ko ya san ƙarshen ta fursunan nan. Ya ce shi bai taɓa saurara ba. Ni ma ban saurara ba. Shekara biyar takardar na bi ta hannuna ina ɗagawa ina wucewa, ga mai ita a zaune a gabana. Ban san ko mutumin ya saki ƙafarsa daga baya ba, ko haka ya mutu yana jan abin da babu. Layi huɗun da na ji ta bayan ƙofa na rubuta su a shafin ƙarshe na littafin nan, na bar sauran shafin fari.

Allah ya gafarta wa Baba, ya yafe mini ƙofar da na rufe masa. Jiya da zan je kantin kan kwana na ƙirga. Ɗari da goma sha biyu. Har yanzu gurgun ya fi ni.